Surar da Waya ke Tallatawa da Lafiyar Jikin Mace

A tsibiran Fiji mace mai jiki ita ce kyakkyawa tun kaka da kakanni. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga ɗauke da shirye-shiryen Turawa masu cike da siraran mata. A 1998, Anne Becker ta jami'ar Harvard ta tarar kimanin kashi 11 cikin ɗari na 'yan matan makarantar da aka tambaya suna jawo wa kansu amai don su rame, alhali shekara uku baya babu ko ɗaya. Abin da ido ya yawaita gani, shi zuciya ke mayarwa ma'auni.

A nan ƙasar Hausa ma'aunin da TikTok da Instagram ke tallatawa daban ne: ciki a shafe, ƙugu a cike, fata fes. Sau da yawa kuwa surar nan ta ciko ce, ko tiyata, ko gyaran hoto. Babbar ɓarnarta ita ce yadda ta sauya manufar motsa jiki. Wata na gudun tafiyar ƙafa kada ƙugunta ya zube, sai ta koma wa maganin ƙiba "sha ka fashe", wanda a cikin ire-irensa akwai dexamethasone, maganin da yawan shansa ke kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi. Wata kuma ta yi wata guda tana tsalle-tsalle, madubi bai nuna mata surar waya ba, ta watsar.

Wani zai ce ai son ƙiba ya girmi waya. Gaskiya ne, amma a da yarinya da matan unguwarsu take gwada kanta, mata masu jini da tsoka. Yau da ɗaruruwan hotunan da aka tace take gogayya tun safe har dare. Wani kuma zai ce in son kyau ya sa mace ta motsa, ina laifi? Laifin shi ne ladan da aka yi mata alkawari ba ya zuwa, wanda ke zuwa kuma ba a gaya mata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma amfaninsa ga zuciya, da suga, da barci yana samuwa ko da sikeli bai gusa ba. Tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, ko da zagayen tsakar gida ne, ta cika wannan adadi.