IN ƊINKI YA YI RUWA, LAIFIN WA?



Kwanan nan tallar tiyatar rage tumbi ta cika Facebook da TikTok. Hoto biyu ake jerawa, na kafin aiki da na bayan aiki, sai lambar WhatsApp a ƙasa: wani asibitin Legas, wani Abuja, wani Turkiyya ko Masar. Gardama ta kaure, wasu na cewa canza halitta ne, wasu na cewa ai jikinta ne kuma kuɗinta ne. Hukunci dai na bar wa malamai. Ni abin da nake so mu duba shi ne hoto na uku wanda ba a sawa cikin talla, wato ɗinkin da ya yi ruwa, ya buɗe, yana zubar da mugunya bayan kwana goma. Kuma kada wani ya ce wagga matsala ta matan Maitama ce. Tana nan Kasuwar Daji, tana Ƙaura, tana Shinkafi da Zurmi, cikin ɗakunan matanmu da anka yi wa tiyatar haihuwa.

Mu fara da ita tiyatar tumbin, don mai niyya ya san abin da zai shiga. Likita zai yanka fata daga wanga ƙugu zuwa wancan, ƙasa da cibiya. Ya ɗaga fata da kitsenta har kusa da haƙarƙari, ya tsuke naman ciki da zare, ya yanke fatar da ta yi yawa, ya janyo saura ƙasa ya ɗinke, sannan ya huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Wurin ɗaga fatar nan ana yanke ƙananan jijiyoyin jini masu yawa da ke ciyar da ita. Shi ya sa tsakiyar ɗinkin, inda fata ta fi ɗamewa kuma jini ya fi ƙarancin isa, nan ne yakan fara yin baƙi ko ya buɗe. Ruwa ma yana taruwa ƙarƙashin fata, dalilin da ya sa sau da yawa ake barin 'yar roba tana zuƙe shi na wasu kwanaki. Mai ciwon suga, mai shan sigari ko shisha, da mai ƙiba sosai, haɗarinsu ya fi na kowa. Ga shi kuma aikin ba maganin ƙiba ba ne, kuma macen da ke sa ran sake haihuwa, ciki na gaba yana iya warware abin da anka ɗinka.

Masu shekaru irin nawa ba su manta da Stella Obasanjo ba. Matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Marbella ta ƙasar Sifen, bayan aikin zuƙe kitse. Bututun zuƙar ya huda mata hanji, kuma ba a kai ta inda za a cece ta da wuri ba. A 2009 kotun Malaga ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ku duba fa: kuɗi akwai, mulki akwai, Turai ce, amma jinkirin gane matsala bayan aiki ya ci ranta. To ina ga wadda anka sallama kwana uku bayan aiki, ta hau jirgi ta dawo gida, likitanta yana wata ƙasa, abin da ya rage tsakaninsu sai saƙon WhatsApp?

Yanzu mu dawo gida. Mu nan ba kwalliya ke kai mu ɗakin tiyata ba. Doguwar naƙuda ce, ƙaba ce, afendis ne, taifot ne da ya huda hanjin yaro, ko harbin 'yan bindiga. Amma ciwo ciwo ne, ƙwayar cuta ba ta tambayar dalilin yanka. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tiyata tsaga bango ce da gangan. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kare ciwon tiyata daga harbuwa, ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan mutum 11 cikin 100 da anka yi wa aiki ciwonsu na harbuwa, kuma a Afirka abin yana kaiwa mace 20 cikin 100 na waɗanda anka yi wa tiyatar haihuwa. A 2018 kuma mujallar Lancet ta buga wani bincike da anka yi a ƙasashen Afirka 25, kan majinyata sama da 11,000. Ya nuna ɗan Afirka ya ninka sauran duniya sau biyu wajen yiwuwar mutuwa bayan tiyata, duk da cewa majinyatanmu sun fi ƙuruciya. Kusan duk mace-macen kuma a kwanakin bayan aiki sunka faru, ba kan gadon tiyata ba. Ma'ana wuƙar likita tana yin nata, jinya ce ke kashe mu.

A ganina wuri uku ne ɗinki ke lalacewa: asibiti, gida, da hanyar da ke tsakaninsu.

Na asibiti a fili yake. Kayan tiyata suna buƙatar na'urar da ke dafa su da tururi mai tsananin zafi, ita kuma tana buƙatar wuta da ruwa. Wanke hannu yana buƙatar famfo mai zuba. Wankin ciwo yana buƙatar safar hannu, auduga da bandeji masu tsabta, da ma'aikaciyar jinya da ba ta riƙe da ɗaki guda ita kaɗai tun dare har safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da maganin kashe ƙwayar cuta kafin a yanka, cikin awa biyu, kuma a daina aske wurin aiki da reza domin tana barin ƙananan yanka da ƙwayar cuta ke maƙalewa. Waɗannan ba abubuwa ne masu tsada ba. Amma duk wanda ya taɓa jinya a yankin nan ya san yadda ake miƙo maka takarda ka je ka sayo safar hannu da ruwan wanke ciwo da kanka, in babu kuɗi ranar, wanki ya koma gobe. Sannan ga waɗanda ba likitoci ba sunka buɗe ɗakuna a lungu suna yanka mutane don sun fi araha. Araha ba ta ado, balle a cikin mutum.

Na gida kuma namu ne, kada mu ɗora wa gwamnati. Mace ta dawo da ɗinki a mara, washegari a ɗora tukunyar wankan jego, a tsoma ganye cikin tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata har kan ciwon. Za a ce kakanninmu haka sunka yi. Haka ne, amma kakanninmu ba a tsaga musu ciki anka ɗinke ba. Ko ga wadda ta haihu da kanta, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sunka nuna alaƙar ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gadon wuta da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Sai kuma shafe-shafe: wannan ta ce toka, waccan ta ce man shanu, wani ya je kemis ya sayo kafso ja da yalo a fasa a barbaɗa. Toka da ƙasa suna iya kawo tsinkau-tsinkau. Kafson da ake barbaɗawa ko a sha kwana biyu a bari kuma koya wa ƙwayar cuta jure magani yake yi, ranar da anka je asibiti da gaske sai maganin ya ƙi ci.

Ga kuma maganar abinci. Har yanzu akwai gidajen da ake hana mai ɗinki ƙwai, kifi, gyaɗa da wake, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Wallahi akasin haka ne. Da irin wanga abinci jiki ke gina sabon nama. Ku tuna a 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Shinkafi da Zurmi, ta auna yara ta samu kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da tamowa. Gidan da yaro ke da tamowa, uwarsa ba ƙoshi take yi ba. Ta shiga tiyata da ƙarancin jini, ta fito a hana ta ɗan abin da zai gina ta, sannan mu ce likita bai iya ɗinki ba.

Na uku shi ne hanya, kuma nan ne muka bambanta da sauran wurare. An ce ta dawo wankin ciwo, ta dawo cire zare bayan mako ɗaya ko kwana goma. Amma wa zai fito da mai jego daga ƙauyen Zurmi ko na Shinkafi a kan babur, a hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki? Ga kuɗin mota da ya ninka tun da anka cire tallafin mai a 2023. Sai a ce a bari a gani. Zazzaɓi ya zo a ce maleriya ce ko ruwan nono. Sai wari ya cika ɗaki sannan a nemi mota zuwa Ƙaura, daga can a tura su Gusau, wani lokaci har Sakkwato. Abin da wanki da magani na 'yan kwanaki zai gyara ya koma sabuwar tiyata, an sayar da bisashe, wani lokaci ma a rasa uwar.

Don Allah ku riƙe waɗannan alamomi, ku karanta wa matanku da iyayenku. Ciwo ya yi ja, ya kumbura ko ya yi zafi in an taɓa. Raɗaɗi yana ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana uku. Mugunya ko ruwa mai wari. Zazzaɓi da rawar ɗari. Bakin ɗinki ya buɗe ko fata ta yi baƙi. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, wanda ke iya zama gudan jini. Ko ɗaya anka gani, asibiti ranar nan, ba kemis ba. Kuma likitoci suna lissafin harbuwar ciwon tiyata har kwana 30, don haka cire zare ba shi ne ƙarshen lura ba.

Na san wani zai ce, ai irin wagga magana ita ke sa mutane gudun tiyata. Ina jin tsoron haka ni ma, domin mun san mazan da ke ƙin sa hannu har sai jariri ya mutu a ciki ko mahaifa ta fashe, ko mace ta ƙare da yoyon fitsari. To a fahimce ni da kyau: in likita ya ce aiki, a sa hannu nan take. Ciwon da ya harbu yana da magani in an zo da wuri, mahaifar da ta fashe cikin daji kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Ɓoye wa mutane gaskiya ba ya kawo yarda. Abin da ke korar mata daga asibiti shi ne ganin maƙwabciya ta yi wata uku tana fama da gyambo ba wanda ya yi mata bayani.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati na san yadda muke son aikin da ake yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, kuma a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata. Duka abin yabo ne. Amma fenti da tayil ba su kashe ƙwayar cuta, kuma tiyata kyauta da ba ta haɗa da jinyar bayanta ba rabin taimako ce. Ga abin da nake roƙo:

Na ɗaya, kowane babban asibiti ya buɗe littafin da ake rubuta duk ɗinkin da ya harbu, Ma'aikatar Lafiya ta riƙa karɓar lissafin duk wata. Abin da ba a ƙirga ba, ba a gyara shi.

Na biyu, kafin sabon gini a tabbatar da ruwa, sola da na'urar dafa kayan aiki a ɗakin tiyata da ɗakin masu jego.

Na uku, a ba ƙananan asibitocin garuruwa irin Kasuwar Daji kayan wankin ciwo da horo, don mai jego ta samu wanki kusa da gida, a kuma san lokacin da ya kamata a tura ta gaba.

Na huɗu, kada a sallami kowa sai an zaunar da miji da uwar miji an yi musu bayani da Hausa, a ba su takarda mai hoto da lambar wayar da ake ɗauka. Su ne masu hukunci a gida, ba majinyaciyar ba.

Na biyar, hukuma ta bi ɗakunan da ake tiyata ba lasisi ta rufe, mu kuma mu daina rufa musu asiri don ɗan wane ne.

Ku kuma maza 'yan uwana, kuɗin ragon suna da na anko ba su fi ƙwai, wake, sabulu da kuɗin motar komawa asibiti muhimmanci ba. Iyayenmu mata, a sassauta ruwan wanka, a bar ɗinki a bushe, a wanke hannu kafin a taɓa shi. Mai niyyar rage tumbi kuma, tambayi likitan lasisinsa, tambaye shi wa zai duba ki in ɗinki ya buɗe da tsakar dare, kuma a wane gari. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinki.

Ma'aikatan lafiya da ke cikin abokaina, ku ƙara mana haske a ƙasa. Wanda ya karanta ya tura wa wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Amin.