Durƙushewar Rangers: Wa ya kashe zomon, wa aka ba rataya?

A watan Mayun 2025 ne wasu masu zuba jari daga Amurka, ƙarƙashin jagorancin Andrew Cavenagh da kamfanin 49ers Enterprises, suka sayi kashi 51 cikin 100 na hannun jarin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Rangers da ke birnin Glasgow na Sikotland. Cinikin ya tuna wa mutane wani ciniki da aka yi a ranar 6 ga Mayun 2011, lokacin da aka sayar da wannan ƙungiya a kan fam ɗaya tak. Wata tara bayan haka ta kasa biyan basussukanta, kafin ƙarshen 2012 kuma aka rushe kamfanin da ke riƙe da ita.

Rangers ba ƙaramar ƙungiya ba ce. An kafa ta a 1872, kuma a lokacin da ta faɗi ta riga ta lashe gasar Sikotland sau 54. Har yau magoya bayanta da na abokiyar hamayyarta Celtic ba su daina musu a kan wanda ya kamata a ɗora wa alhakin ba.

Zamanin Murray da bashin banki

Attajirin ƙarafa David Murray ya sayi Rangers a 1988 a kan fam miliyan 6. A hannunsa ƙungiyar ta lashe gasa sau tara a jere daga 1989 zuwa 1997, ta kawo fitattun 'yan wasa irin su Brian Laudrup da Paul Gascoigne. Murray ya taɓa bugun ƙirji cewa duk abin da Celtic ta kashe, shi zai kashe ninkinsa. A 2000 ya biya Chelsea fam miliyan 12 a kan Tore André Flo, kuɗin da ya fi ƙarfin abin da gasar Sikotland ke samarwa. Bashin ƙungiyar ya yi ta hauhawa har ya kai wajen fam miliyan 80 a farkon shekarun 2000.

Muddin Bankin Sikotland na buɗe wa Murray bakin aljihu, asiri a rufe yake. Da rikicin kuɗi na duniya ya auku a 2008, Lloyds ya haɗiye bankin, sabbin masu shi kuma suka buƙaci a rage bashi.

Abin da ya fi bashin bankin illa shi ne dabarar biyan albashi da ake kira EBT. Daga 2001 zuwa 2010 an biya 'yan wasa da manyan ma'aikata kimanin fam miliyan 47 ta hanyar zuba kuɗin a wani asusun amana da ke tsibirin Jersey, daga nan a miƙa wa mutum da sunan rance. Tunda rance ne a takarda, ba a cire masa haraji. Hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ta ce albashi ne aka sauya wa riga, ta nemi kusan fam miliyan 49, haɗe da tara da kuɗin ruwa. Da wannan shari'a a wuyanta, masu kuɗin gaske suka ja da baya daga sayen ƙungiyar.

Cinikin fam ɗaya

A nan ne Craig Whyte ya shigo. Ya karɓi kashi 85 cikin 100 na hannun jarin a kan fam ɗaya, da sharaɗin zai biya Lloyds bashin fam miliyan 18. Ya biya, amma daga baya ta bayyana cewa kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Ya karɓo fiye da fam miliyan 20 daga kamfanin Ticketus, inda ya jinginar da kuɗin tikitin kaka da magoya baya za su saya a shekaru masu zuwa. Kamar manomin da ya sayar da hatsin shekara uku tun bai yi shuka ba, haka ya sayi ƙungiyar da kuɗin da ita kanta ba ta kai ga samu ba.

Lissafinsa ya dogara da kuɗin gasar Turai. A watan Agustan 2011 Malmö ta Suwidin ta fitar da Rangers daga wasannin share fagen Gasar Zakarun Turai, Maribor ta Sulobeniya kuma ta fitar da ita daga na gasar Europa. Da aljihu ya bushe, ƙungiyar ta daina miƙa wa gwamnati harajin da take cirewa daga albashin ma'aikata da harajin VAT, ta riƙa tafiyar da harkokin yau da kullum da su. Kuɗin ya taru ya kai kimanin fam miliyan 9. Wannan bashi ne, ba shari'ar EBT ba, ya jefa Rangers hannun masu kula da kamfanonin da suka gaza a ranar 14 ga Fabrairun 2012, aka kuma zaftare mata maki 10.

A watan Yuni HMRC ta ƙi amincewa da sulhun biyan wani ɓangare na bashin. Kamfanin Charles Green ya sayi kadarorin a kan fam miliyan 5.5. Ƙungiyoyin babbar gasa suka kaɗa ƙuri'a 10 da 1 suka hana sabon kamfanin gurbi, Rangers ta koma rukuni na huɗu, mataki mafi ƙasa a gasar ƙwararru.

Abin da kotuna suka ce

Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun hana kowane ɓangare cin nasara baki ɗaya. Hukumar ƙwallon Sikotland ta haramta wa Whyte shiga harkar ƙwallo har abada, amma a watan Yunin 2017 masu taimaka wa alƙali a babbar kotun Glasgow suka wanke shi daga tuhumar zamba. Lauyoyinsa sun kafa hujja da cewa masu sayarwa ba su damu da bin diddigin tushen kuɗinsa ba.

Murray ya ce yaudararsa Whyte ya yi. Magoya bayansa kan ƙara da cewa kotun haraji ta farko ta ba Rangers gaskiya a watan Nuwamban 2012, don haka barazanar da ta kori masu saye ba ta da tushe a lokacin. Wannan hujja ta rushe a watan Yulin 2017, lokacin da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kuɗin EBT albashi ne da ya wajaba a biya masa haraji. Tun a 2013 ma wani kwamiti ƙarƙashin Lord Nimmo Smith ya ci tsohon kamfanin tarar fam 250,000 saboda ɓoye wa hukumomin ƙwallo wasu biyan kuɗi, kodayake bai ƙwace kofi ko ɗaya ba.

Hukumomi ma ba su fita da tsabta ba. A 2000 an hana Whyte zama darektan kamfani na tsawon shekara bakwai, amma sai da shirin binciken BBC ya fallasa haka a watan Oktoban 2011, bayan ya shafe watanni a kan kujera. Shugaban hukumar ƙwallon na lokacin, Campbell Ogilvie, tsohon jami'in Rangers ne da shi ma ya amfana da EBT. Masu gabatar da ƙara na gwamnati kuwa sun amsa cewa sun tuhumi David Whitehouse da Paul Clark, masu kula da kamfanin bayan ya gaza, ba bisa ƙa'ida ba, aka biya kowannensu diyyar fiye da fam miliyan 10 daga kuɗin al'umma.

Rabon alhaki

Idan aka jera abubuwan yadda suka faru, kaso mafi girma na kan zamanin Murray. Shi ya gina ƙungiyar a kan bashi, ya shigo da dabarar harajin da ta zama ƙaya, sannan ya miƙa ta ga mutumin da bai tantance ba don ya sauke nauyi. Whyte ba zai iya cewa rataya kawai aka ba shi ba, domin jinginar da tikiti da riƙe harajin ma'aikata aikinsa ne, kuma su ne suka ƙarasa ta. Bankin ya kuɓutar da kuɗinsa ya tafi. Hukumar ƙwallo ta farga bayan aikin gama ya gama. Magoya baya da 'yan jaridar wasanni da yawa kuma sun shafe shekaru suna tafi ba tare da tambayar inda kuɗin ke fitowa ba.

Rangers ta farfaɗo. Ta koma babbar gasa a 2016, ta lashe kofi na 55 a 2021 ƙarƙashin Steven Gerrard, a 2022 kuma ta kai wasan ƙarshe na Europa, inda ɗan Najeriya Joe Aribo ya ci mata ƙwallo kafin Eintracht Frankfurt ta doke ta a bugun fenariti. Waɗanda suka ɗauki asarar su ne masu bin tsohon kamfanin bashi, su fiye da 270, ciki har da masu sayar da jarida da direbobin tasi da ƙananan 'yan kwangila da suka ba da kaya saboda girman sunan ƙungiyar. Sababbin masu ita daga Amurka za su tarar da magoya bayan da yanzu ke karanta rahoton kuɗin ƙungiyar na shekara-shekara kamar yadda suke duba teburin gasa.