Zdeno Chara: Ƙarfin jiki aro ne, a yi tanadi tun yana hannu

Ranar 20 ga watan Satumba na 2022, Zdeno Chara ya yi bankwana da wasan hoki na kan ƙanƙara yana da shekara 45. Wasa ne da ba a yinsa a ƙasarmu, amma ya kamata duk matashin da ke cin abinci da ƙarfin jikinsa, a gida ko a ƙasar waje, ya san labarin mutumin nan.

An haifi Chara a 1977 a garin Trencin na ƙasar Sulobakiya. Mahaifinsa ɗan kokowa ne. A 1996 ƙungiyar New York Islanders ta zaɓe shi, bayan an riga an ɗauki mutum 55 a gabansa. Ya tsallaka teku ya fara daga wata ƙungiyar matasa a Kanada. Tsawonsa mita 2 da santimita 6, aikinsa kuwa tsaron baya: tare masu kai hari, shan karo, da sa jiki a gaban faifan roba mai tauri da ke tahowa kamar harsashi.

Ya yi kakar wasa 24 a gasar NHL ta Amurka da Kanada. Ya buga wasa 1,680, abin da wani ɗan baya bai taɓa yi ba kafinsa. Shekara 14 yana kyaftin na Boston Bruins. A 2009 ya zama gwarzon ƴan baya, a 2011 ya ɗaga kofin Stanley. A wasannin ƙarshe na 2019 muƙamuƙinsa ya karye, ya sa kariya ya koma fili.

Wannan jarumtar ita mutane suka fi yabawa. Ni kuwa abin da ya yi a wajen fili ya fi ɗaukar hankalina. Tun yana ƙungiyar Ottawa ya yi karatun tsara harkokin kuɗi a kwalejin Algonquin. Da ya ji rauni a gwiwa a ƙarshen 2014, ya yi amfani da zaman jinyar ya yi karatu, ya samu lasisin dillancin gidaje a jihar Massachusetts a 2015. Yana jin harsuna fiye da biyar. Duk wannan ya yi shi ne lokacin da ake tafa masa, albashi na shigowa.

Wani zai ce ai mai miliyoyin dala ne, me ya haɗa shi da ɗan ci-rani mai ɗaukar siminti a Aljeriya ko mai tura baro a Abijan? Gaskiya ne aljihunsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya wuni a rana ba shi da hutun da Chara ke da shi. To amma jarinsu iri ɗaya ne, gwiwa da gadon baya, kuma dukansu suna ƙarewa. Idan mai miliyoyi bai yarda ya dogara da jikinsa kaɗai ba, wanda ba shi da fansho ba shi da inshora ya fi shi buƙatar wannan dabara.

Ba sai an shiga jami'a ba. Koyon harshen ƙasar da kake zaune, samun lasisin tuƙi, sanin walda ko gyaran waya, iya rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, duk tanadi ne. Haka ma ƴan ƙwallonmu da ƴan kokowarmu: ranar da aka ɗaga takobi ita ce ranar tunanin sana'ar gobe, kuma hukumomin wasanni su taimaka musu da horo tun suna tashe. Tun ran gini, tun ran zane.

Wata bakwai bayan ritayarsa, Chara ya yi gudun famfalaƙi na Boston, kilomita 42. Ya bar fili da ƙafafunsa, kuma ya san inda za shi. Kai fa, in gwiwa ta gaza gobe, me ke hannunka?