Kur ɗin gida, harajin da ba a rubuta ba

Duk mai ɗan lakwal a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san kuɗin karatu kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya a karɓi rasit, akwai wanda ake miƙa wa mushe a zaure ƙarshen wata, don ya zo da marece ya maimaita wa yaro abin da aka ce an koya masa da safe. A takarda lakwal ta gwamnati kyauta ce, amma uban da ɗansa zai tunkari birebe ko bak ba tare da mai kur ba, ji yake kamar ya tura shi gona ba hauya.

Al'adar ba daga sama ta faɗo ba. A shekarun 1990 ma'aikata sun yi watanni suna jiran albashi, yajin aiki ya yi ta cinye lokacin karatu, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Malami mai iyali ya duba hannunsa, bai ga wata haja ba sai alli. Daga 1998 aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, waɗanda abin da ake ba su bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba. Dole ƙanwar na-ƙi ce.

Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba zai ɗauka kuɗin banza ne. Mushe ya ƙona mai ya ratsa gari, ya tarar an aiki yaro kasuwa, ko yana barci, ko ya duƙufa kan waya. In an zauna, wuta ta ɗauke, a ƙarasa lissafi da fitilar salula. Wata ya ƙare, a ce masa Alhaji ya yi tafiya Kano, ya dakata. Jikka goma ko ashirin da aka yi alkawari sai ta koma bashin da ake jin kunyar tambaya, domin mai gida ya saba ba shi shayi. In yaro ya ci jarrabawa, ƙoƙarinsa ne da addu'ar iyaye. In ya faɗi, mai kur ne ya ci kuɗi.

Iyaye ma suna da nasu kukan, kuma yana da tushe. Ɗan kasuwar da bai yi lakwal ba, da me zai auna abin da aka rubuta da Faransanci a littafin ɗansa? Yana biyan kuɗin kayan da ba ya iya dubawa, abin da ba zai taɓa yarda da shi a shagonsa ba. Gwajin da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017 ya nuna da yawa ba su kai matakin da ake nema ba, kuma ba wanda ke tambayar mai kur takardarsa a ƙofar gida.

Inda abin ya fi muni shi ne malamin da ke yi wa ƴan ajinsa kur da kuɗi. A nan ne amana ke lalacewa. Darasi ya zama rabi da safe, rabi da marece ga wanda ya biya. Tambayoyin da za su fito gobe an riga an warware su jiya a gidan mai hali. Ɗan talaka yana zaune a aji ɗaya, gaban allo ɗaya, amma ba karatu ɗaya ake ba su ba.

Akwai kuma kuɗin da jiki ke biya, wanda ba a cika lissafa shi ba. Lokotoro ya ce wa malami hawan jini ya kama shi, ya riƙa tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 150 a mako take ba babba shawara ya motsa jiki. To, lokacin da wasu ke zagaya filin wasa na Seyni Kountché, shi yana bisa babur tsakanin unguwa da unguwa. In ya daure ya fara da asuba, kwana uku gwiwa ta ƙi, maƙwabta kuma su tare shi da “lafiya, babur ya lalace?”, domin har yanzu a wurinmu teɓa alamar wadata ce, tafiyar ƙafa alamar rashi.

Ba mu ce a hana kur ba, don ba ya hanuwa. Abin da muke nema daga ma'aikatar ilimi shi ne ta tsaya da gaske kan malamin da ke karɓar kuɗi daga ɗalibin ajinsa, diraktoci kuma su sa ido. Ƙungiyoyin iyaye da kwamitocin kula da lakwal suna iya buɗe aji biyu da marece, yara su taru rukuni-rukuni, a tsai da kuɗi kaɗan da kowa ya sani, a ɗauke wa marayu. Malami ya tsaya wuri ɗaya, ya tashi kafin magariba. Wanda kuma ya fi son a zo masa gida, ya rubuta yarjejeniya: kwana nawa a mako, awa nawa, da ranar biya.