Saƙon Farko Zuwa Ga 'Yar Lafia

A zamanin da, idan saurayi mazaunin Agege ko Sabon Badun ya ga yarinya a Lafia yana so, sai ya tafi bakin gidan waya, malamin wasiƙa ya tsara masa magana, a manna kan sarki, jirgin ƙasa ko motar doya ta kai. Ko da bai taɓa shiga ajin Yaƙi da Jahilci ba, asirinsa a rufe yake. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma Facebook da WhatsApp suka biyo, wannan rufin asiri ya kau. Yau da yatsansa yake rubutawa, kuma kafin yarinya ta ji muryarsa ta riga ta auna shi.

To, me take gani? "Slm, ykk, lfy." Watau mutumin da ke neman a ba shi 'ya ya kasa cika sallama. Alhali kuwa da ƙofar gidansu ya je, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida kowa har da ƙannenta.

Lafia ta yau ta wuce yadda wasu 'yan ci-rani suka bar ta. Ta zama babban birnin jiha tun 1996, ga Jami'ar Tarayya a cikinta, 'yan matan garin da yawa sun yi karatu, suna kuwa lura. Wani zai so ya ce "ni dai naki", sai ya raba kalmar ta zama "ni dai na ki", da yake kuma ba ya sa wa harafi lanƙwasa, yarinya ta karanta "na ƙi". Haka nan baki da baƙi, kasa da ƙasa. Ƙaramin abu ne, amma sa'ad da ba a san juna ba, ba a da wani abin dubawa sai shi.

Sai dai akwai inda ya kamata 'yan matan su sassauta. Lafia gari ne na Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili, Hausa ita ce ta haɗa su a kasuwa. Wanda ya kira mace da "ka" domin harshen gidansu daban ne, ba raini ya yi ba. Ɗan dako a Mile 12 da ya tsaya a firamare, ya zauna ya rubuta gaisuwa cikakkiya, ya faɗi sunansa da unguwarsu da wanda ya ba shi lamba, ya fi mai digirin da ke aika haruffa uku.

Wanda ya fi cancanta a yi hattara da shi ma shi ne mai saƙon da ya cika santsi. Kalaman soyayya yanzu kwafo su ake yi, har na'ura tana tsarawa, saƙo ɗaya a tura wa mata goma daga Tudun Gwandara har Bukan Sidi. Malamin wasiƙa na da, ko ba komai, ya san fuskar wanda ya biya shi.