Yawon Sallah: Wa Ke Riƙe Da Hannun Yaro?

Yau za mu ɗan jingine maganar zakkar kono da muka faro, sai wani jiƙon, domin akwai wani al'amari da ya tsaya mana a rai, ga shi kuwa azumi ya raba tsakiya. Teloli sun daina karɓar sabon ɗinki. Kowane magidanci ya riga ya ƙididdige abin da Sallah za ta ci masa: yadi, takalma, hula, ɗankunne, har da tabarau da agogon roba na ƙananan yara. Abin da ba mu taɓa jin wani ya sa a cikin lissafinsa ba shi ne lokacin da zai ba yaran nan da kansa.

Ga yadda abin yake gudana a yawancin gidajenmu. Ranar Idi uba ya tasa 'ya'yansa maza a gaba, a je a yi salla, a dawo a ci tuwo. Shi ke nan, wai ya sauke nauyi. Kashegari ɗan kasuwa ya koma rumfarsa a Kwari ko Sabon Gari, yana cewa ciniki ba ya jira. Ma'aikacin gwamnati kuwa, da aka ba shi hutu, ko dai ya rama barcin da azumi ya ci masa, ko ya tafi majalisar abokai sai dare. To, yaran fa? Sai a haɗa su su biyar ko shida, a danƙa wa wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu kuɗin mota, a ce ta kula da ƙannenta, a cusa su a cikin a-daidaita-sahu guda, a yi musu fatan alheri. Yarinyar da ba za mu yarda mu ba ta makullin shago ko na ofis ba, ita ce muke damƙa wa abin da ya fi shagon da ofishin daraja.

Ba daga nesa muke hango wannan laifi ba, mu ma mun ɗanɗana. Wata Ƙaramar Sallah mun fita da yara biyar zuwa wani wurin shaƙatawa, muka tarar da cunkoso a bakin ƙofa. Muna laluben canji a aljihu, muka saki hannun autansu, ɗan shekara huɗu. Ko da muka waiwaya, babu shi babu dalilinsa. Duk yaron da muka hanga sanye da farar shadda da jar hula sai mu bi shi, alhali kuwa rabin yaran garin haka aka yi musu ado. Mun kusa rabin sa'a muna kai-komo, kafin muka same shi a zaune gefen wata dattijuwa mai sayar da zoɓo, ta ba shi ya sha, ta kuma hana shi motsawa. Da muka yi mata godiya sai ta ce, "Alhaji, ai shi ne na uku tun safe. Na tambaye shi sunan ubansa, ya ce Baba." In wannan ya sami babban mutum da hankalinsa, ina ga yarinyar da ita ma kallo ya ɗauke mata hankali?

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: maganin kada a yi, kada a fara, a kulle yara a gida, tun da dai yawon Sallah ba farilla ba ne. Da wannan ba mu yarda ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa a wata ranar Idi mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya Nana A'isha tana kallo daga bayansa, bai gusa ba sai da ita ta gaji don kanta. Abin lura a nan biyu ne. Bai hana ta kallo ba, bai kuma aike ta ita kaɗai ba. Shi ne ya tsaya, da duk nauyin al'umma da ke kansa. Wane ne a cikinmu zai ce ya fi shi yawan hidima?

Mutanen Kano sun daɗe da samun sauƙi a kan wannan, domin hawan Sarki ya ɗauke musu tunanin inda za a kai yara. Bisa al'ada, bayan Hawan Sallah sai Hawan Daushe a rana ta biyu, inda ake ƙarewa da jafi a Ƙofar Kudu, sa'an nan Hawan Nassarawa a rana ta uku, kana a rufe da Hawan Ɗorayi in Ƙaramar Sallah ce, ko Hawan Fanisau in Babba ce. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan hawa a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Amma kuma mun ga shekarun da ba a hau ba: a 2020 saboda annobar korona, da kuma Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025, lokacin da 'yan sanda suka hana saboda taƙaddamar sarauta. A nan ne asirin iyaye da dama ya tonu. Da aka ɗauke dawaki da 'yan lifida da algaita, sai ga magidanta sun rasa abin da za su yi da 'ya'yansu ko na yini guda.

Ko a shekarar da aka hau, gaskiya ita ce ɗan shekara uku ba abin da yake gani a wurin hawa sai ƙafafuwan mutane da ƙura, in ba an ɗora shi a wuya ba. Doki kuma in ya firgita bai san yaro ba.

A ganinmu, yawon Sallah na ƙaramin yaro daga gidan kakanni ya kamata ya fara, sa'an nan gwaggo da kawu da baffa. A nan ne zai ji kakarsa ta kira shi angonta, ta ce ba ta karɓar cefanen rowa, a yi dariya, ya san yana da dangi. Mun sha ganin samari 'yan jami'a da ba su san hanyar gidan ƙanwar ubansu ba, sai ranar rasuwa a riƙa gabatar da su kamar baƙi. Laifin wa? Yaron da aka riƙe hannunsa aka shiga da shi lungun nan sau biyu a shekara ba zai manta da shi ba. Hatta sunnar nan ta zuwa Idi ta wata hanya a komo ta wata, in uba ya bi ta a ƙasa da 'ya'yansa, ta ishe su sanin unguwa biyu da mutanen cikinsu.

Bayan zumunci, garin bai rasa wuraren zuwa ba. Ga Gidan Zoo, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, sai dai a ranakun Sallah cika yake yi maƙil, wanda ya yi haƙuri har rana ta biyar ko ta shida ya fi ganin dabbobin. Ga Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne, yaro zai ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙin da. Ga Dutsen Dala, wanda in aka hau da sanyin safiya uba zai nuna wa ɗansa birnin gaba ɗaya da yatsa. Kuɗin da duk wannan zai ci bai kai na takalmi ƙafa ɗaya ba.

Sai maganar goron Sallah, wadda ita ma take bukatar gyara. Kyauta ce babba ke yi wa yaro don ya faranta masa, ba haraji ba ne. Amma da muka bar yara suna fita su kaɗai, sai abin ya rikiɗe ya zama bi gida-gida, har gidajen da ba a san su ba, da tare motoci a kan titi ana barka da Sallah. Yaron da ya saba miƙa hannu ga wanda bai sani ba, ranar da mugu ya nuna masa sabuwar takardar kuɗi zai bi shi. In uba na tare da su, shi zai koya musu su durƙusa su gai da mutum, a ba su su yi godiya, a hana su su yi sallama da fara'a. Kuma kada uwa ta karɓe kuɗin da sunan ajiya ta yi cefane da su, domin yara ba sa mantuwa, daga nan suke fara koyon cewa amana abin wasa ce.

Tun da Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin bazara: 10 ga Afrilu a 2024, 30 ga Maris a 2025. Don haka a fita da hantsi a dawo kafin azahar, ko a bari sai bayan la'asar, a kuma ɗauki ruwan sha daga gida. Kada babba ɗaya ya ɗauki yara ƙanana fiye da yawan hannuwansa, in sun fi haka a nemi ƙani ko ɗan'uwa ya raka. Mu dai tun daga ranar mai zoɓo, duk yaron da zai fita daga gidanmu sai an rubuta sunan ubansa da unguwa da lambar waya a 'yar takarda an maƙala masa da fil a cikin aljihu. Autan nan kuwa, sai da muka kwana uku muna bita da shi kafin ya yarda cewa Baba yana da wani suna.