RA'AYI: Ba kowace katsewar sabis ce laifin katafila ba

Duk lokacin da sabis ya ɗauke a Najeriya, amsar kamfanonin sadarwa a shirye take: an yanke waya. Ko dai katafilar 'yan kwangilar titi ta tsinke wayar faiba da ke binne a ƙasa, ko kuma ɓarayi sun kwashe batura da dizal a gindin turken sabis. Akwai gaskiya a wannan amsa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da 'yan kasuwa a Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. A shekarar ce kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta tsare.

Sai dai akwai wata musabbabiyar da ba a cika ambatonta ba, domin ba ta da hoton da za a nuna a talabijin. Ita ce kuskuren saiti a kan na'urorin da ke jigilar bayanai tsakanin gari da gari, musamman a ƙananan ƙofofin nan na Ethernet inda waya ke shiga na'ura. Ƙasar da ke shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar faiba bai kamata ta bar wannan fanni a hannun sa'a ba.

Idan mai POS a Kasuwar Wuse ya danna cire kuɗi, saƙonsa na tashi zuwa turken sabis mafi kusa. A gindin turken akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai na'urar da ke miƙa saƙon ta wayar faiba ko ta farantin rediyo zuwa wata tashar, daga nan zuwa wata, har ya isa rumbun bayanan banki. A kowane zango saƙon na shiga ta wata ƙofa ya fita ta wata. Kowace ƙofa kuma tana da saitin da ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta mata: saurin da za ta yi aiki da shi, girman ƙunshin bayanin da za ta bari ya wuce, lambar da ke raba kayan wannan abokin hulɗa da na wancan, da abin da za ta yi idan hanya ta mutu.

Misali na farko shi ne saɓani tsakanin ƙofofi biyu masu fuskantar juna. An ƙera su ne yadda za su iya daidaitawa da kansu kan sauri da kuma yadda za su yi magana, ko dai kowacce ta aika ta karɓa a lokaci guda, ko kuma su riƙa yi bi da bi. Idan injiniya ya ɗaure ɗaya a kan aikawa da karɓa lokaci guda, ya bar ɗayar ta nemo wa kanta, a na'urori masu saurin megabit 100 ta biyun kan gane saurin daidai amma ta koma tsarin bi da bi. Fitila za ta nuna kore, ƙaramin gwaji zai wuce lami lafiya. Sai cunkoso ya yi yawa da yamma bayanai su fara karo da juna, sabis ya koma tafiyar hawainiya, babu kuma wata ƙararrawa da za ta kaɗa.

Na biyu shi ne girman ƙunshi. A ƙa'idar Ethernet, ƙunshi ɗaya kan ɗauki bayit 1,500 na bayani. Kamfanin da ke jigila kan liƙa masa tambarinsa domin kada kayan banki su cakuɗa da na jami'a, kowane tambari irin wannan kuma yana ƙara bayit huɗu. Idan aka manta aka bar ƙofa guda a tsakiyar hanya ba a faɗaɗa ta ba, sai ta riƙa zubar da manyan ƙunshi shiru, tana barin ƙanana su wuce. Shi ya sa wani lokaci gajeren saƙo ke tafiya, amma ɗalibin da ke ɗora takardunsa a shafin makaranta ya kwana yana kallon abu na juyawa.

Na uku ya fi duka muhimmanci ga Najeriya, domin a nan ne katafila da saiti ke haɗuwa. Manyan kamfanoni kan biya kuɗin hanya biyu, idan ɗaya ta yanke a koma ɗayar. Amma sai na'urar da ke zaɓen hanya ta san cewa an yanke kafin ta juya. Akwai saitin da ke sa na'urar jigila ta kashe ƙofarta da zarar waya ta tsinke a can daji, domin ta sanar da maƙwabciyarta. Idan ba a kunna shi ba, ƙofa na nan kore, na'ura na ta zuba bayanai a matacciyar hanya har sai ta gano da kanta. A irin wannan hali katafila ce ta yanke waya, amma sakaci ne ya tsawaita wahalar mutane. A sanarwar da za a fitar kuwa, katafilar kaɗai za a ambata.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya faru a Amurka. Ranar 27 ga Disamba, 2018, wata na'urar jigilar bayanai ta kamfanin CenturyLink a birnin Denver ta fitar da gurɓatattun ƙunshi huɗu kacal. Ƙunshin suka faɗa wata hanyar cikin gida da na'urorin ke da ita domin magana da juna, suka riƙa ninka kansu daga tasha zuwa tasha har suka toshe komai. An shafe kusan sa'o'i 37 kafin a shawo kan lamarin, ya kuma shafi mutane kimanin miliyan 22 a jihohi 39, har da ɗaruruwan kiran neman agajin gaggawa da ba su isa ba. Binciken hukumar sadarwa ta ƙasar ya gano cewa hanyar a buɗe ta zo daga masana'anta, kamfanin ya san da ita, ba ya amfani da ita, bai kuma rufe ta ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A nan gida ma an ga danginsa. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin na tsawon minti 74. Wannan ya shafi saitin zaɓen hanya ne, amma darasin ɗaya ne. Abin yabo shi ne kamfanin ya fito fili ya ce kuskurensa ne, ya auku ne yayin aikin inganta na'urori. Irin wannan amsa laifi ita ce ta yi ƙaranci a harkar.

Dalilan da ke haifar da kurakuran nan sanannu ne ga duk mai aikin. Ana yin sauyin saiti ne da tsakar dare domin kada a takura wa jama'a, sau da yawa ta hannun ma'aikacin ƙaramin ɗan kwangila wanda ya wuni yana hawa turke. Ana kwafo saitin wata tasha a liƙa wa wata ba tare da an duba ko kayan iri ɗaya ne ba. Ƙwararren da ya kafa tsarin ya samu aiki a ƙetare ya tafi da ilimin a kansa, bai bar komai a rubuce ba. Kayan kuma haɗin gambiza ne, wannan na Huawei, wancan na Ericsson ko Nokia, kowanne da yadda ya zo daga masana'anta.

Kamfanoni za su ce suna fama da tsadar dizal da faɗuwar naira, kuma bayyana sirrin na'urorinsu tamkar buɗe wa masu kutse ƙofa ne. Hujja ta farko ta yi rauni tun watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data bisa alƙawarin inganta aiki. Rubuta saiti a ajiye, da sa injiniya na biyu ya duba kafin a danna, da tanadin hanyar komawa baya idan abu ya ɓaci, duk ba sa buƙatar dala. Ta biyun kuma rahoton CenturyLink ya rushe ta, domin an wallafa shi kowa ya karanta, sauran kamfanoni suka koyi darasi, sama ba ta faɗo ba.

Don haka ya kamata NCC ta wajabta wa kamfanoni rarrabe musabbabin kowace babbar katsewa, ta riƙa wallafa cikakken bincike kan waɗanda kuskuren saiti ya jawo ko ya tsawaita. Ma'aikatar Sadarwa ta sanya gwajin karɓar aiki cikin sharuɗɗan kwangilar sabuwar wayar faiba. Ma'aunin yana nan, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar da shi da lambar Y.1564, yana auna sauri da jinkiri da yawan ƙunshin da ke zubewa kafin a ce hanya ta kammala. Bankuna da jami'o'i da asibitocin da ke sayen layi su ma su daina sa hannu don kawai fitila ta nuna kore. Su nemi takardar gwaji, su kuma sa a zare wayar farko a gabansu su ga ko ta biyun za ta ɗauka.

Sai batun horo. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku ya fi jan hankali wajen rubuta manhaja, alhali manhajar ba ta isa ko'ina sai ta bi ta hannun mai saita ƙofa. Cibiyar Digital Bridge da ke da rassa a Abuja da Legas da Kano, tare da kwalejojin kimiyya da fasaha, na buƙatar ɗakunan gwaji masu na'urorin gaske, inda ɗalibi zai ɓata saiti da hannunsa ya gyara kafin a damƙa masa layin da asibiti ke dogaro da shi.

Hukunta masu yanke waya wajibi ne, babu mai ja da wannan. Amma ranar da aka kama ɓarawon waya na ƙarshe, sabis zai ci gaba da ɗaukewa muddin ba a san wanda ya taɓa wace ƙofa ba, da yaushe, da kuma wanda ya duba aikinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma mai sayen data da ya biya ƙarin kuɗi ya cancanci a faɗa masa gaskiyar abin da ya hana kuɗinsa shiga.